Jihar Agadas: Ƙasa Mai Faɗi, Mutane Kaɗan

Duk mai turke a ƙasar Kazaure ya san kantun gishiri. Ana sayensa a kasuwa, a fasa, a ajiye wa saniya ko tunkiya ta riƙa lasa. Amma in ka tambayi mutanen Achilafiya ko Roni ko Gwiwa inda kantun nan ya ke fitowa, galibi sai su ce maka daga Arewa, su yi shiru. Arewan nan kuwa ita ce Jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, wadda iyayenmu su ke kira Abzin. A da, mutanenta ne su ke zuwa wurinmu da raƙuma. Yanzu samarinmu ma suna zuwa can a bayan mota, waɗansu neman zinariya, waɗansu kuwa su zarce Libiya ko Aljeriya. Tun da ya ke 'ya'yanmu suna sa rayukansu a wannan hanya, ya kamata kowane magidanci ya san irin ƙasar da su ke dosa.

Girmanta da yawan jama'arta

Faɗin Jihar Agadas murabba'in kilomita 667,799 ne. Watau ta fi rabin Nijar duka, ta kuma ɗara kashi 7 cikin 10 na Nijeriya. In da za a iya ɗaukar Jihar Jigawa a jera a cikinta, sai an jera kusan sau 29 kafin ta cika. Amma sa'ad da aka ƙidaya jama'ar Nijar a 2012, mutum 487,620 kaɗai aka samu a duk wannan fili.

Domin mai karatu ya gane abin sosai, bari mu gwada da gida. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, sun tashi wajen mutum 460,000, alhali kuwa filinsu duka bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Ƙaramar hukumar 'Yankwashi, inda Achilafiya ta ke, tana da sama da mutum 250 a kowane murabba'in kilomita. A Jihar Agadas kuwa, in an raba, ko mutum ɗaya bai cika ba. Tun daga waɗannan shekaru jama'a ta ƙaru can da nan, amma bambancin yana nan yadda ya ke. Mutanen da mu ke da su tsakanin Kazaure da iyakar Daura sun kusa yawan na ƙasar da mota ta ke kwanaki ba ta ƙure ta ba.

Su ma ɗin ba a warwatse su ke daidai wa daida ba. Da yawansu suna birnin Agadas da garin Arlit, saura kuma suna cikin kwazazzaban duwatsu da bakin rijiyoyi. Akwai Abzinawa, waɗanda mu ke kira Buzaye, su ne mafi yawa. Akwai Tubawa da Barebari can gabas wajen Bilma, da Fulani makiyaya, da Larabawa, da Hausawa. A kasuwar Agadas da Hausa a ke ciniki, saboda haka baƙo daga wajenmu ba ya rasa abokin magana. Wannan ma yana cikin abin da ke ruɗin samari, su ga kamar gida ne.

Yadda ƙasar ta ke

Wanda ya tashi daga Daura ya ƙetare iyaka a Kongolam, sai Matamai, sai Damagaram. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Kafin Tanut za ka riƙa ganin gonakin gero. Bayan ta kuwa sai gonaki su ƙare, itatuwa su gajarce, sai ciyawa da ƙaya da garken raƙuma.

A tsakiyar jihar duwatsun Abzin su ke, baƙaƙe, sun miƙe daga kusa da Agadas sun yi arewa. Ƙololuwar Bagzam ta kai mita 2,022, ita ce wuri mafi tsawo a Nijar. Duwatsunmu na Kazaure da Roni, da mu ke alfahari da su, ba su kai rabinta ba. Gabas da duwatsun nan sai Tenere, rairayi tsantsa, ba inuwa ba ciyawa. A da akwai wata bishiya guda ɗaya tilo a tsakiyarta wadda matafiya su ke kwatance da ita, har aka sa ta a taswira. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, aka kai gungumen gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Bayan Tenere sai dausayin Fashi da na Kawar, inda Bilma da Dirku su ke. Yamma da duwatsun kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, can Ingal ta ke.

Ruwan sama

Iska biyu ce ke mulkin shekara, a wurinmu da wurinsu. Ɗaya tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗaya kuma tana fitowa daga hamada, busasshiya, ita ce ke kawo mana hazo da hunturu. Iskar teku tana iso mu wajen watan Mayu ko Yuni, ta zauna har Satumba, mu sami ruwa milimita 600 zuwa 800 in shekara ta yi kyau. Kafin ta kai Agadas sai Yuli ko Agusta, ta kuwa riga ta sauke kayanta a hanya. Abin da birnin ya ke samu bai cika wuce milimita 150 ba. Bilma kuwa ko 20 ba ta cika gani ba, shekara ma ta kan wuce ba a yi ɗigo ba.

Da bazara zafi ya kan haura digiri 40. Da hunturu kuwa, a kan duwatsu, ruwa ya kan daskare da dare. Abin mamaki, ɗan ruwan nan ma in ya zo yana ɓarna, gama dutse ba ya shan ruwa, sai ya taru cikin ƙorama ya gangaro gaba ɗaya. Haka ya faru a watan Satumba na 2009, ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a birnin Agadas.

Farin 1973 da na 1984 da dattawanmu su ke ba da labari, a can ya fi cizo. Mu hatsi muka rasa, su kuwa dabbobi suka mutu, dabba kuwa ita ce gonarsu da rumbunsu. A lokacin ne Buzaye da yawa suka gangaro Kano da sauran biranenmu suka kama aikin gadi.

Abin da su ke ci da shi

Na farko kiwo: raƙumi da akuya da tunkiya da jaki, shanu kuma a gefen kudu. A ƙasa irin wannan fili ba shi ne dukiya ba, rijiya ce. Wanda ke da iko da rijiya shi ke da iko da ciyawar da ke kewaye da ita, domin ba mai iya kiwo inda ba zai shayar ba. Tun 1961 Gwamnatin Nijar ta yi doka ta shata iyakar noma, ta ce arewa da ita ƙasar makiyaya ce. Manoma dai sun yi ta tura gonaki gaba, amma dokar ta ba makiyayi abin da zai riƙe ya yi magana. A ƙarshen damina, wajen Satumba, makiyaya su kan taru a Ingal domin dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa mai kanwa, a yi biki, a ɗaura aure, hukuma kuma ta sami damar yi wa dabbobi allura tun da ga su wuri ɗaya.

Na biyu lambu. Cikin kwazazzaban duwatsu, irin su Timiya da Iferwan, ruwa yana kusa a ƙarƙashin yashi. Su kan haƙa rijiya, su kafa itace da kwarkwaro a bakinta, raƙumi ko sa ya ja guga, ruwa ya zuba a kwami ya bi lambatu. Yanzu da yawa sun koma injin ban ruwa. Suna noman alkama da masara da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, ga dabino da lemo da rumman. Albasarsu tana cika manyan motoci ta yi kudu har bakin teku. Mai noman rani a fadamar Gari, in ya ga ɗan filin da mutumin Timiya ke ciyar da gidansa da shi, sai ya riƙe baki.

Na uku ayari, shi ne ya haɗa mu da su, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Wajen watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, sai Abzinawa su ɗaura kaya. Kowane raƙumi yana ɗauke da dammunan ciyawar da zai ci, gama ba abin da zai tsinka a Tenere, ga salkunan ruwa, ga gero. Madugu yana gaba, yana bin rana da taurari. Daga duwatsu zuwa Bilma wajen kilomita 500 ne, ana tafiya tun safe har dare ya yi nisa, ba a tsayawa ko don cin abinci. A Fashi da Bilma mutane suna haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi, su kwashe su zuba a mazubi ya bushe ya zama kantu. Gero ba ya yi a can, saboda haka da gero a ke musayar gishiri da dabino. Ayari ya komo gida ya huta kaɗan, kana ya yi kudu: Damargu, Damagaram, Tasawa, har ƙasashen Daura da Kazaure da Kano. Nan su ke cin rani, su sayar da gishiri, su sayi geron da za su ci da wanda za su kai Bilma baɗi, su sayi turkuɗin Kura na rawani. Kafin ruwa ya sauka sun juya.

Manomi ya ci riba a wannan zuwa nasu fiye da yadda a kan lura. Bayan girbi raƙuma su kan kwana a gona wata da watanni, su ci kara da ƙaya, su bar taki. Mai gona ya ba da damin gero ko biyu, gonarsa ta farfaɗo ba da ko kwabon takin zamani ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850, da irin wannan ayarin gishiri ya gangaro ƙasar Hausa, ya shiga Kano a farkon 1851. Yau manyan motoci sun karɓe yawancin dakon, mu kuma mun koma kwashe kara da harawa muna ɗorawa a kan itace don sayarwa, saboda haka baƙon raƙumi ba ya samun abin da ya saba samu. Ayari bai mutu ba, amma ya ragu ƙwarai. A ganinmu gonakin jigawa sun yi hasara a nan, ko da ya ke ba wanda ya zauna ya lissafa.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa

Faransawa suka gano yuraniyom yamma da duwatsun Abzin, watau ma'adinin da a ke sarrafawa a sami wutar lantarki, a ke kuma yin makamin ƙare dangi da shi. Saboda shi aka gina garin Arlit a tsakiyar hamada, wajen kilomita 240 arewa da Agadas. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, na COMINAK a Akuta ya bi baya a 1978. Saboda shi kuma aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka buɗe mahaƙar kwal kusa da Cirozerin don ba ma'aikatun wuta. Shekaru da yawa yuraniyom ne babban abin da Nijar ke sayarwa waje. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021 da ma'adinin ya ƙare, a watan Yuni na 2025 kuma Gwamnatin Nijar ta ce ta karɓe SOMAIR daga hannun Faransawa. Mutanen Arlit sun daɗe suna kuka a kan ƙurar mahaƙa da lafiyar ruwan sha, makiyaya kuma suna cewa fitilun Faransa suna ci, su kuwa suna kwana da acibalbal.

A 2014 aka ga zinariya a Jado, can ƙuryar arewa maso gabas, daga baya kuma a Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Nijeriya. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, amma haƙa ba ta tsaya a jihar ba. A irin waɗannan wurare ruwan sha ma da mota a ke kawo shi daga nesa a sayar, rami yana ruftawa, ɓarayi suna tare hanya. Wanda ya dace ya dawo da babur kowa ya ji labarinsa. Waɗanda suka dawo da bashi ba su cika fita dandali su faɗa ba.

Mulki

Agadas tsohuwar masarauta ce, tun ƙarni na 15. Har yau akwai Sarkin Abzin a fadarsa, kusa da masallacin nan mai doguwar hasumiyar ƙasa, mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai sarautar makiyaya ba irin tamu ba ce. A wurinmu mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki, kowa kuma ya san iyakar ƙasarsa. A can kowace kabila da shugabanta, mutanensa kuwa yau suna nan gobe suna can, saboda haka mutane ya ke riƙe da su, ba gonaki ba. Babban aikin sarki shi ne sulhu.

Ta fuskar Gwamnati, an raba jihar gunduma shida: Adarbisanat, Arlit, Bilma, Iferwan, Ingal da Cirozerin. Gwamna daga Yamai a ke naɗo shi, ba zaɓensa a ke yi ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 soja ke riƙe da ƙasar, a 2024 kuma suka rushe majalisun da jama'a suka zaɓa, suka naɗa masu riƙo.

Wahalar mulkin ƙasa irin wannan ita ce nisa. Mutumin Achilafiya mai ƙara zai je Karkarna ko Kazaure ya dawo ya ci tuwon dare a gida. Mutumin Bilma kuwa tsakaninsa da gwamnansa kusan kilomita 600 ne na rairayi. Makaranta ɗaya, asibiti ɗaya, rijiya ɗaya, kowanne sai an kashe kuɗi mai yawa don mutane kaɗan, malamin da aka tura kuma ba ya son zama. Jin an yi watsi da su yana cikin abin da ya sa Abzinawa suka ɗauki makami a 1990, aka yi sulhu a 1995, aka sāke tashi daga 2007 zuwa 2009. Wata doka ta 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai a ba ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo shi. Rubuta doka dabam, isar kuɗi ƙauye dabam, mu ma nan mun san wannan.

Hanyar Libiya da Aljeriya

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya isa Agadas bai yi ko rabin wahala ba. Daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta bi Dirku zuwa Libiya, ɗaya ta bi Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat a Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit da matafiya, suka lalace kafin su kai iyaka. Aka tsinci gawa 92, cikinsu yara 52 da mata 33, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mutanen Kance ne, nan bayan Daura, Hausawa manoman gero kamar mu, waɗanda gonakinsu suka kasa ciyar da su.

A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure. Direbobi suka bar hanyar da aka sani mai rijiyoyi, suka koma ratse don gudun jami'ai, hatsarin ya ƙaru. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Har wa yau Aljeriya tana kwaso mutane ta zubar a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Asamaka. Ga kuma batun takardu: Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, don haka kada kowa ya dogara da yadda wansa ya wuce shekarun baya. Uban da ɗansa ya matsa sai ya tafi, aƙalla ya san sunan wanda zai bi, da garin da zai sauka, da wanda za a tambaya in an ji shiru. Kada kuma a sayar da gona don kuɗin mota.

Abin da ke korar su daga gida

Ba son yawo ba ne kaɗai. Ƙasarmu ta cika. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa jikoki, sauran da a ke bari ya huta babu shi, burtali ya tsuke, ƙuduji ya kama gonaki. Madatsun ruwa da aka gina a kogin Gari da na Tomas zamanin muna Jihar Kano sun taimaki na kusa da su, amma mai gonar tudu ba ya shan ruwansu.

Akwai dabara ɗaya da maƙwabtanmu na Matamai da Magarya da Mirya suka riƙe, wadda ba ta bukatar kuɗi. Suna kiranta sassaben zamani. An fara yaɗa ta a ƙasar Maraɗi wajen 1983, ta hannun wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman da suka yarda suka gwada. Masu bincike sun kimanta cewa ta mayar da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ga yadda a ke yi. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai a zaɓi kututturen gawo ko kalgo ko sabara ko magarya, a bar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse saura da wuƙa mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. A ɗaura ƙyalle a jiki domin masu itace su san da mai shi. Saiwar ta riga ta yi zurfi, saboda haka ya fi dashe saurin girma, ba ya kuma bukatar ban ruwa. Gawo ya fi kowanne amfani a gonar gero, domin da damina ya ke zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. A shekara ta biyu ko ta uku za a fara samun itacen girki daga rassan da a ke ragewa. Abin da ya kan kashe aikin shi ne mai gatari da dare, don haka kafin a fara sai a zauna da mai unguwa da makiyayan da ke kusa a yi magana ɗaya a kan hukuncin wanda ya sari itacen gonar wani.